Mutum Daga Nesa

A farkon shekarar 1935 Alberto Giacometti ya ware mako biyu don ya koyi yadda kan mutum yake. Shekarunsa 33 a lokacin, sunansa kuma ya riga ya fita a birnin Faris cikin masu ƙera mutum-mutumi. Nufinsa ya zaunar da mutum a gabansa, ya kwaikwayi kansa da yumɓu har hannu ya faɗa, daga nan ya koma kan manyan ayyukan da yake da niyyar yi. Ƙanensa Diego ya riƙa zama masa da safe, wata mata mai suna Rita kuma da rana. Mako biyun nan sai da suka zama shekara 5, kullum ana abu ɗaya, kai bai samu ba.

A 'yan shekarun da suka gabaci wannan shekara dabara ba ta ba shi wahala. An haife shi a 1901 a ƙauyen Borgonovo, cikin wani kwari na ƙasar Suwizalan inda ake jin Italiyanci, mahaifinsa Giovanni kuma sanannen mai zane ne. Ya zo Faris a 1922 ya yi karatu a hannun mai ƙera mutum-mutumi Antoine Bourdelle, daga baya ya shiga cikin 'yan Suriyalis, ƙungiyar marubuta da masu zane da André Breton ke jagoranta, waɗanda suka ɗauki mafarki da abin da zuciya ke ɓoyewa a matsayin tushen fasaha. A wannan zamanin ya yi ayyukan da suka sa aka san shi: ƙwallo rataye da zare cikin kejin ƙarfe, tana gab da taɓa wani abu mai siffar jinjirin wata, da kuma wata fada ta siraran itatuwa da ya yi a 1932. Shi da bakinsa ya ce irin waɗannan ayyuka a kammale suke zuwa masa a zuci. Abin da ya rage aikin hannu ne kawai, wani lokacin ma kafinta yake miƙa wa. Irin baiwar da kowane mai fasaha ke roƙo ke nan, amma shi sai ya wayi gari ta daina ƙosar da shi, domin abin da ya riga ya gama gani a zuci ba ya ƙara masa komai idan ya fito fili.

Breton bai ji daɗin wannan juyi ba. An ruwaito cewa da ya ji Giacometti ya koma zaunar da mutane yana kwaikwayon kawunansu, sai ya ce ai kowa ya san mene ne kai. A 1935 ɗin aka raba gari. Breton bai yi ƙarya ba. Kowa ya san kai: ido biyu, hanci a tsakiya, kunne a kowane gefe, ɗan aji ɗaya ma zai zana maka. Abin da ya sami Giacometti shi ne ya daina yarda cewa wannan da ya sani shi ne yake gani idan Diego ya zauna a kujera. Shekarun da suka rage masa a duniya duk tsakanin kalmomi biyun nan ya ƙarar da su, sani da gani.

Mutum-mutumi ba ya cikin abin da muka gada. Masassaƙinmu turmi yake yi da akushi da allo da ƙotar fartanya, kuma maganar malamai a kan surar mai rai sananniya ce, ba ita nake son tayarwa ba. Abin da ya ja ni ga wannan mutum shi ne halin da ya shiga, wanda marubuci da mawaƙi da magini duk sun san shi: ranar da aikin da ka iya jiya ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, alhali hannunka bai mance komai ba.

Ga yadda yake aiki. Ba dutse yake sara ba. Yakan tsayar da ƙwarangwal na ƙarfe da waya, ya lailaya masa yumɓu ko filasta, sannan ya shiga tsunkula da yatsa yana kankara da ƙaramar wuƙar aljihu. Ya ƙara nan, ya rage can, ya ɗaga kai ya dubi mai zaman, ya sake ragewa. Iyakar yadda ya ƙura ido, iyakar yadda kan ke wargaje masa. Idan ya kama hanci, fuska ta ɓace. Idan ya koma kan ƙeya, hancin ya zama baƙo. A wata doguwar wasiƙa da ya rubuta wa dillalinsa Pierre Matisse a 1947, ya tuna cewa tun yana ɗalibi yakan ji tazarar da ke tsakanin wannan gefen hanci da wancan kamar Sahara ce, ba iyaka, ba madafa. Wanda ya taɓa jin labarin hanyar Agadas zuwa Bilma ya san ba ƙaramar magana ya yi ba. Faɗin yatsa ɗaya a fuskar ƙanensa, wanda suka tashi gida ɗaya, ya zame masa dajin da ba ya ƙetaruwa. A duk wannan lokaci abin da ke ciyar da su shi ne fitilu da tukwanen ado da shi da Diego suke yi wa wani mai ƙawata gidajen masu kuɗi, Jean-Michel Frank.

Da kallo ya gagara, sai ya ce bari ya gwada tuni. Wata rana a 1937, da tsakar dare, ya hango ƙawarsa Isabel tsaye can nesa a titin Saint-Michel, dogayen gidaje da duhu sun yi mata rumfa. Wannan gani ya zauna masa a rai, ya so ya ƙera ta kamar yadda ya hango ta. Nan abin al'ajabi ya fara. Zai soma da siffa mai tsawon kamu ɗaya, yana gyara yana ragewa, kafin ya ankara ta koma tsawon yatsa, ta koma tsawon tsinken ashana. Sau da yawa taɓi ɗaya na ƙarshe da bakin wuƙa ke mayar da ita ƙura. Washegari ya sake farawa, a sake ƙarewa a wuri ɗaya. A 1939 aka nemi ya kawo aiki don babban baje kolin ƙasa a Zurik. Ya zo da wani ɗan mitsitsin abu ya ce a ɗora shi a kan ƙaton gindin da aka tanada a tsakar fili. Masu shirya taron suka ƙi, aka ɗora wani tsohon aikinsa.

Yaƙin Duniya na Biyu ya same shi cikin wannan hali. A ƙarshen 1941 ya bar Faris ya tafi Janeba wajen mahaifiyarsa, hanyar komawa ta rufe, ya zauna a wani ɗan ɗaki a otal ɗin Rive har zuwa Satumbar 1945. Waɗanda suka ziyarce shi sun ba da labarin ƙurar filasta a gado da ƙasa da tufafinsa da gashin kansa, ga mutane 'yan santimita 2 ko 3 tsaye a kan gindin da ya ninka su girma. Ana cewa da ya tashi komawa Faris, aikin shekarun nan a kwalayen ashana ya zubo shi.

Mukan ce basira ta toshe, kamar wata hanya ce da abu ke biyowa daga waje ya shigo, sai a jira ta buɗe. Wannan magana ba ta dace da abin da ya sami Giacometti ba. Bai rasa abin yi ba ko na kwana ɗaya, ya kuma san sarai abin da yake nema. Kalmar da ya fi maimaitawa ita ce kama: yana so abin da ya ƙera ya yi kama da mutumin. Ya lura, cikin baƙin ciki, cewa siffofin nan ba sa yin kama sai sun ƙanƙance. Babba ta zame masa ƙarya, ƙarama kuma ya tsane ta. Ke nan hannunsa na bin wata ma'ana ta kama, kansa kuma na riƙe da wata, kowanne ya ƙi sakar wa ɗan'uwansa.

Mu dubi kalmar da kyau, domin muna amfani da ita kullum ba tare da mun tsaya a kanta ba. Da yamma kana zaune a bakin gari, sai ka hango wani tafe daga gona, can inda bai fi ɗan yatsa tsawo ba. Ka ce wa na kusa da kai, ga wane can. Ba ka ga idonsa ba, ba ka ga tsagarsa ba, ko launin rigarsa ba ka tantance ba, amma ko rantsuwa za ka iya yi. Me ka gane? Tsayuwarsa, yadda yake jefa ƙafa, yadda wuyansa ke ɗauke da kai, mutumin gaba ɗayansa a kallo guda. Da ya iso kuna gaisawa, wancan cikakken mutum ya tafi. Yanzu baki kake gani, sai ido, sai gumi a goshi, ɗaya bayan ɗaya. Ka sami gaɓoɓi, ka rasa jimla. Wanne ne ya fi kama da shi, na nesa ko na kusa?

Masu ƙera mutum-mutumi a Turai, tun daga Girkawan da, galibi sun amsa da na kusa. Suna auna gaɓoɓi, su ba siffa irin girman da jiki yake da shi a ma'auni, su bar mai kallo ya zaɓi inda zai tsaya. Giacometti, ba da niyya ba, ya faɗa cikin ɗaya amsar. Isabel da ya hango a titi ba ta da tsawon mita ɗaya da wani abu a idonsa. 'Yar ƙarama ce, duhu mai yawa na kewaye da ita, kuma da a ce ya cire nisan da duhun, da ya cire abin da ya gani. Tazarar tana cikin kamar. Hannunsa ya riga shi gane wannan, shi ya sa yake ta ragewa, shi ya sa kuma gindin ke ƙara girma, don ya riƙe filin da ke kewaye da mutumin. Abin ma ya daɗe tare da shi. Ya ba da labarin cewa yana saurayi, a ɗakin aikin mahaifinsa, ya zauna zana wasu 'ya'yan itace da ke kan tebur, suka fito ƙanana. Mahaifin ya yi faɗa ya ce ya zana su yadda suke. Ya goge ya sake, bayan ɗan lokaci suka koma daidai girman farko.

To yaya ya fita? Labarin da aka fi so shi ne na silima. Bayan ya koma Faris a 1945, ya shiga wani gidan silima a unguwar Montparnasse. Yana cikin kallo sai hotunan da ke kan allo suka daina zama mutane, suka koma ɗigo-ɗigon baƙi da fari suna motsi a kan shafaffen bango. Ya waiwaya ya dubi na kusa da shi, ya ga kamar bai taɓa ganin ɗan Adam ba. Da ya fito titi, komai ya zame masa sabo, kowane mutum da zurfin fili kewaye da shi. Ya fahimci cewa shekara da shekaru yana kallon duniya ne da idon da hoto ya koya masa.

Na yarda da labarin, amma ina ganin ana ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa. Mutane da yawa sun shiga wannan silima a ranar, sun fito yadda suka shiga. Wanda ya yi shekara 10 yana tambaya ɗaya safe da yamma shi ne amsa ke iya samu a wurin da ba a zata ba. Kuma a wasiƙarsa ga Matisse, abin da ya ce ya kawo sauyi a 1945 shi ne zane. Ya ajiye yumɓu ya ɗauki fensir. A kan takarda mutum ba ya narkewa ya zama ƙura, kana iya jan layi ɗaya daga kai har ƙafa ka ga tsayuwar gaba ɗaya kafin hanci ya ruɗe ka. Ga ƙarin abu na uku, wanda ya fi sauran sauƙin faɗa: ya yi wa kansa rantsuwa cewa ba zai ƙara barin siffa ta ragu a tsawo ba. Ƙarfen da ke ciki ya tsaya inda yake. Hannu kuwa bai daina ragewa ba, tunda ba zai iya ƙaryata ido ba, sai ragin ya koma ta gefe. Siffofin suka fito dogaye, sirara kamar zare, da ƙananan kawuna da manyan ƙafafu da suka kafe a ƙasa. Shi kansa ya yi mamaki, ya ce yanzu kuma ba sa yin kama sai sun yi tsawo sun rame. Waɗannan su ne duniya ta san shi da su. Bai zauna ya ƙirƙiro salon ba. Salon ya fito ne daga karon da aka yi tsakanin doka ɗaya da ya kafa wa kansa da gaskiya ɗaya da ya ƙi saki.

Wa'adi ma ya taimaka. Matisse ya sa ranar baje koli a New York, Janairun 1948. Wata siffa ta mutum mai nuni da yatsa, wadda ta kusa kai tsawon mutum, Giacometti ya ce a dare ɗaya ya yi ta a 1947, daga sha biyun dare zuwa tara na safe, bayan ya rushe ta farko, kuma filastar ba ta bushe ba aka zo ɗaukar ta. A 2015 an sayar da zubin tagullarta ɗaya a kan dala miliyan 141. Dare ɗaya, in an ƙidaya da agogo. In an ƙidaya da gaskiya, tun 1935 ake yin ta.

Masanin falsafa Jean-Paul Sartre ne ya rubuta gabatarwar baje kolin, ya kuma gano zancen tazara: ko ka matso har hancinka ya kusa taɓa tagullar, mutumin yana nan a nesa, ba ka ƙara samun komai na fuskarsa ba. Jama'a kuwa wani abu daban suka gani. Kusan shekara 3 ke nan da gama yaƙi, hotunan waɗanda aka fitar daga sansanonin Jamus ba su bar idon kowa ba, sai aka ce ga ɗan Adam na wannan zamani, ramamme, shi kaɗai. Giacometti ya sha cewa ba kaɗaici ya nufa ba, ƙoƙari kawai yake ya kwaikwayi abin da yake gani. Ban ga dalilin ƙaryata ko ɗaya daga cikinsu ba. Ma'anar da mai aiki ya bi ta kai shi ga siffa, ma'anar da masu kallo suka zo da ita daga rayuwarsu ta sami wurin zama a cikin siffar. Da ya tashi da niyyar ƙera baƙin cikin Turai, ina zaton da abin ya fito da ihu da yawa, da kuma bai kai yau ba.

Akwai mutumin da bai kamata a bar shi a gefe ba, Diego. Shi ya tsare ɗakin aikin da ke lamba 46 a titin Hippolyte-Maindron duk tsawon yaƙi, ɗakin da bai kai murabba'in mita 25 ba. Shi ke haɗa ƙwarangwal, shi ke ɗaukar kwafi da filasta, shi ke kula da launin tagulla. Alberto ba ya gamawa, in an bar shi zai rushe da safe abin da ya gina da dare. A 1956, lokacin da yake shirin baje kolin Benis, ya yi ta aiki a kan ƙarfe ɗaya da curin yumɓu ɗaya, siffar mace a tsaye. Duk lokacin da ta kai wani hali da ya ɗan gamsu, sai Diego ya ɗauki kwafinta, shi kuma ya ci gaba da murza yumɓun ya zama wata. Guda 9 daga cikin kwafin nan aka zuba da tagulla, su ne ake kira Matan Benis. Wanda ya gan su a jere zai ɗauka mata tara ne, alhali yumɓu ɗaya ne aka tsayar a ranaku daban-daban. A irin wannan aiki, an gama na nufin wani ya shigo ya karɓe kafin a ɓata. Mai neman kama irin wadda Alberto ke nema yana bukatar ɗan'uwa mai sanin lokacin da zai miƙa hannu, kuma ina ganin rabin abin da muke kira nasararsa a kan cijewar aiki na Diego ne.

Cijewar ba ta tafi gaba ɗaya ba. A wannan shekarar ta 1956 wani malamin falsafa ɗan Japan, Isaku Yanaihara, ya zauna masa don zane, fuskar ta gagara, har baƙon ya yi ta ɗaga ranar komawarsa gida, ya kuma riƙa dawowa Faris a shekarun da suka biyo. A 1964 marubuci James Lord, Ba'amurke, ya zauna don zanen da aka ce na yini ɗaya ne, aka yi zama 18, ana shafewa ana sakewa. Bambancin shi ne yanzu Giacometti ya san ƙasar da yake tafiya a ciki. Yana kuka da aikin kullum, yana cewa ba zai yiwu ba, amma gobe da rana yana kan kujerarsa, ya sa alama a ƙasa inda ƙafafun kujerar mai zama za su tsaya don kada tazarar ta canza.

Inda tazarar ta kuɓuce masa kuwa, bai yi ƙarya ya miƙa aiki ba. A 1958 aka ba shi kwangilar ƙawata filin da ke gaban sabon dogon benen bankin Chase Manhattan a New York, birnin da bai taɓa zuwa ba. Ya yi ta fama a ɗan ɗakinsa, ya fitar da mutum mai tafiya, da dogayen mata, da ƙaton kai, a 1960 aka zuba su da tagulla. Bai aika ba, domin bai san yadda za su bayyana a gindin bene mai hawa 60 ga wanda ya hango su daga tsallaken titi ba. Sai a Oktoban 1965 ya je New York, ya tsaya a filin da ƙafarsa, ya ga nisan da idonsa, ya yanke shawarar cewa siffa ɗaya doguwa ƙwarai ta mace a tsaye ita ce za ta dace. Ya rasu a garin Chur ranar 11 ga Janairu, 1966, kafin a fara. A 1972 aka kafa aikin wani mai fasaha, Jean Dubuffet, a filin.